Bakin Wa Zan Ara?

Malam Hammajoda ya ce shafi uku kacal,
gajeren labari, a kawo ranar Litinin.
Ya ce, "Gajere ba ya ɗaukar gayya:
mutum biyu, damuwa ɗaya,
sai wanda zai tsaya ya faɗa mana."
Ya kaɗe alli daga hannunsa, aka tashi.

Na ratsa Garwa da ƙafa
har gaɓar Binuwai inda ake ɗiban yashi.
Rikici kam ban je nemansa ba,
yana kife a gindin giginya tun bara waccan:
kwalekwalen kakana mai faci bakwai,
wanda a kansa Baba da Baffa Jatau
suka daina gaisawa.

Na fara da bakin Baba.
"Ni na sayi katako, ni na biya kafinta,
ni na kai shi Lagdo shekarar da ruwa ya ja baya."
Kafin in kai ƙasan shafi
Baffa ya zama ɓarawo,
har na ba shi jajayen idanun da ba nasa ba.
Sai na tuna wanda ke ɓare mini gyaɗa
ranar kasuwar Pitowa.
Na yage takardar.

Na ari bakin Baffa.
"Shekara tara ina jinyar tsoho,
ni ne wanka, ni ne juyi,
wani yana Yawunde yana ƙirga sefa."
Sai ga ubana ya fito a shafin
da tumbi da agogo da hancin raini.
Wannan ma ba shi ba ne.
Ashe wanda ya riƙe filafili
shi ke zaɓa wa jirgi gaɓa.

Na gwada wancan mai ganin komai,
mai shiga zukata ba sallama,
ya san mafarkin wa, ya san nadamar ƙane.
Shekarata goma sha bakwai.
Ko tsakin Inna ban gama fassarawa ba.

Dorina ta busa hanci can tsakiyar ruwa,
masu wanki suka fara naɗe zannuwa.
Tsohuwa Dudu mai soya kifi
ta sauke kasko ta zauna a kan kifaffen jirgin
kamar kujerar ɗakinta.
Ta ce, "'Yar Tanko, me kike ta yagewa?"
Na gaya mata.
Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane.

"Bayan magariba babanki kan zo
da gwangwanin kwalta, ya toshe inda gara ta ci.
Da asuba baffanki kan zo
ya lulluɓe shi da zana kada rana ta tsaga shi.
Kowannensu na zaton masunta ne ke hidimar.
Ni dai idona ke gani.
Ba a tambaye ni ba, ban faɗa ba."

Daren nan na ba Dudu labarin.
Ba ta san zuciyar kowa ba,
ta san sawun ƙafa biyu a kan yashi,
ɗaya mai takalmi, ɗaya babu,
ta san warin kwalta, ta san saƙar zana.
Shafi biyu da rabi ya ishe ta.

Ranar Litinin Malam ya ce, "Mene ne jigonki?"
Na ce gado. Ya yi shiru.
Na ce zumunci. Ya karkata kai.
Na ce, "Malam, mutum biyu ne ke kewar ubansu,
ba su san yadda ake faɗa ba."
Ya ɗauki jan biro ya rubuta a ƙasa:
Ina ƙarshen?

Ƙarshen ba ya hannuna.
Na kwafe labarin a sabuwar takarda,
na kai gindin giginya,
na cusa tsakanin zana da katako, na danne da dutse.
Yanzu ina zaune kusa da kaskon Dudu,
mai yana ƙara, la'asar ta yi sanyi,
ban san wanda zai riga zuwa ba.